KALMA DA TUSHENTA: "Mudra", Hatimin Mutanen Indiya

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Hausawa ta Anaca, wajen titin Bida da titin Sakkwato, dab da babbar kasuwa, ya san cewa bayan sallar lisha, in an kulle rumfuna an ƙidaya ciniki, hira ba ta da linzami. Daga farashin albasa da na shanu a kan gangara zuwa siyasa, daga siyasa kuma, in dare ya fara nisa, a kan faɗa zancen asiri. Da zarar kuwa an shiga zancen asiri, ba a jimawa sai an ambaci ƙasar Indiya. Haka abin ya ke a Asata ta Inugu, inda 'yan canji su ke zama a bakin titin Owerri, haka kuma ya ke a Diobu da tsohon garin Fatakwal. A waɗannan garuruwa uku Bahaushe da maƙwabcinsa Ibo ko Ikwerre su kan saɓa a kan abubuwa da yawa, amma sun yi ittifaƙi a kan cewa wai babu ƙasar da ta kai Indiya ƙarfin sihiri. Har akwai tatsuniyar nan da kowane yaro ya sani, ta wasan ƙwallon da wai Indiya ta ci Nijeriya 99 da 1, ƙwallon tana rikiɗa tana zama zaki. Ba a taɓa yin wannan wasa ba, amma labarinsa ya ƙi mutuwa.

A cikin irin wannan hira ne wata kalma ta shigo a 'yan shekarun nan, watau "mudra". Ana ganinta a 'yan ƙananan littattafan da a ke shimfiɗawa a bakin tasha, ana kuma jinta a hotunan majigin da ke yawo cikin wayoyin hannu. Wani ya ce wata irin haɗa yatsu ce da ke jawo arziki. Wani ya ce magani ce ta hawan jini da ciwon sukari. Wani ya ce ai rawar nan ce ta hannu da 'yan matan fim ɗin Indiya su ke yi. Wani kuma ya tofar da yawu ya ce tsafi ne tsagwaronsa. Abin mamaki shi ne kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya, sai dai ba wanda ya kama tushen. Tun da ya ke akwai masu fid da kuɗinsu a kan wannan kalma, har da masu ajiye maganin asibiti saboda ita, ya kamata a bi sawunta a ga inda ta fito.

Tun da farko a kawar da wata rikitarwa. Kalmar ba ta da dangantaka da "mudu" na awon hatsi, ko da "mudda" ta lokaci wadda ta ba Hausa "muddin". Waɗannan biyu daga Larabci su ka zo. Ita kuwa "mudra" ta harshen Sanskrit ce, tsohon harshen malaman Indiya, kuma a harshen Pali a kan ce "mudda". Pali shi ne harshen da aka adana mafi tsufan littattafan addinin Buda da shi. An daɗe ana riƙe da su da ka, sa'an nan aka rubuta su a tsibirin Sri Lanka, wanda a da a ke kira Silon, cikin ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa. Har yau da Pali a ke karatun addini a Sri Lanka da Tailan da Bama. Wannan ƙasa ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce ga Hausawa, gama dubban 'yan Arewa sun yi yaƙi a can cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, bayan sun ratsa ta Indiya cikin 1943 da 1944. Cikin watan Janairu na 1945 su ka shiga Myohaung, tsohon birni mai cike da ɗakunan ibada da gumakan Buda. Lambar nan ta 82 ita ce rundunar sojan da ke da hedkwata a Inugu ta ke ɗauke da ita. Tsofaffin sojan da su ka komo da labarin gumaka masu zaune, hannu ɗaya a cinya ɗaya yana taɓa ƙasa, sun ga abin da yau a ke kira mudra da idonsu, ko da ba su ji sunan ba.

To, mece ce "mudda" a littattafan Pali? Babban ƙamus na Pali da Turanci, wanda Rhys Davids da William Stede su ka gama fitarwa cikin 1925, ya fara da ma'ana mai sauƙi ƙwarai: hatimi, ko alamar da hatimi ya bari in an danna shi. Hatimin sarki shi ne "raja-mudda", zoben da aka sassaƙa hatimi a kansa kuwa "muddika".

Akwai labari a kan irin wannan zobe a cikin littafin Jataka, wanda ya tattara hikayoyi 547. A hikaya ta 7, Sarkin Baranasi ya fita shaƙatawa, ya gamu da wata mace mai sarar itace, ya so ta, ta sami ciki. Da zai tafi ya cire zobensa mai hatimi ya ba ta, ya ce in mace ta haifa ta sayar da zoben ta rene ta, in kuwa namiji ne ta kawo masa shi tare da zoben. Ta haifi namiji. Da yaro ya yi wayo, abokan wasansa su ka fara yi masa gori da rashin uba, sai uwar ta ɗauke shi su ka je fada. Sarki ya gane su sarai, amma kunyar fadawa ta sa ya ce yaro ba nasa ba ne. Ta fito da zobe, ya ce zoben ma ba nasa ba ne. Sai da matar ta yi rantsuwa ta jefa yaron sama, ya tsaya cak a iska, kana sarki ya miƙa hannu ya karɓe shi. Mai karatu ya lura da wannan wuri, domin za a komo gare shi: zoben na gaske ne, hatimin na gaske ne, amma da mai shi ya janye bakinsa daga gare shi, bai amfana wa matar kome ba.

Ma'ana ta biyu ita ce ta fi yawa a tsofaffin littattafan, kuma ita ce za ta fi ba ɗan kasuwa sha'awa. "Mudda" sana'a ce ta lissafi. A littafin dokokin sufayen Buda, inda aka hana su zagin juna da asali ko da sana'a, an kasa sana'o'i gida biyu bisa ga yadda jama'ar wancan zamani su ke ɗaukarsu. Waɗanda a ke rainawa su ne saƙar kwando, da ginin tukwane, da saƙar tufafi, da dukanci, da wanzanci. Waɗanda a ke girmamawa kuwa uku ne: mudda, da ƙidaya, da rubutu. Babban mai sharhin littattafan Pali, Buddhaghosa, wanda ya yi aikinsa a Sri Lanka cikin ƙarni na 5 na Miladiyya, ya fassara mudda da cewa ƙirga ce da yatsun hannu. Watau abin nan da dillalin shanu a Garikin Ugwuoba, kan hanyar Inugu zuwa Anaca, ya kan yi in yana bin gaɓoɓin yatsunsa da babban yatsa yana haɗa la'ada da kuɗin mota, shi ne mudda a wurin mutanen Buda na farko. Larabawa ma suna da irin wannan ilimi na ƙulla yatsu don nuna adadi, har masu ruwaito Hadisi su ka siffanta yadda a ke riƙe hannun dama wajen tahiya da cewa kamar ƙullin 53 ne.

Wani wuri kuma ya nuna kalmar ta jiɓinci rubutu. A littafin tambayoyin Sarki Milinda, wani sarki Bayunane da ya yi mulki a arewa maso yammacin Indiya cikin ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, an lissafa mudda cikin fannonin da sarkin ya ƙware a kai, an kuma kawo ta cikin hanyoyin da tunawa ke samuwa, kamar yadda wanda ya koyi rubutu ya kan san harafin da ke bin wani harafi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne matsayin da Buda ya ba wannan sana'a. A huɗuba ta farko ta kundin dogayen huɗubobinsa, wadda a ke kira Brahmajala, an jera hanyoyin neman abinci da ba su dace da mai gudun duniya ba. A ciki akwai duban tafin hannu, da fassarar mafarki, da faɗin ranar sa'a, da yin asirin haɗa mutane ko raba su, da faɗin ko damina za ta yi kyau. A cikin jerin nan aka sa mudda tare da ƙidaya da tsara waƙa. Ba a ce lissafi mugun abu ba ne ga mai gida da ke ciyar da iyali, gama a wata huɗubar an ambace shi tare da noma da fatauci da kiwon shanu da aikin sarki. An dai ce sufi kada ya ci abinci da shi. Ke nan a Pali mudda ba ibada ba ce, ba kuwa asiri ba ce, aikin akawu ne da ma'aji. Wanda ya sayar wa mutum "sirrin mudra na Buda" don ya yi arziki, ya jingina wa Buda abin da littattafansa mafi tsufa su ka sa a jerin abubuwan da su ka hana almajiransa.

Maganar hannu a matsayin ishara tana nan a Pali, amma a sha'anin zaman duniya ta fito. Kusa da ƙarshen Jataka akwai doguwar hikayar Mahosada, wani saurayi mai hikima, mashawarcin Sarkin Mitila. Da aka matsa masa ya yi aure, ya ce a bar shi ya nemo da kansa. Ya yi shigar maɗinki, ya fita ta ƙofar arewa, ya gamu da wata yarinya mai suna Amara tana kai wa ubanta kunu gona. Ya so ya san ko tana da miji, ya kuma so ya gwada hankalinta, sai ya tsaya daga nesa ya dunƙule hannunsa. Yarinyar ta gane tambayar, ta buɗe tafin hannunta, watau ba kowa. Littafin ya kira wannan "hatta-mudda", isharar hannu. Babu gunki a ciki, babu turare, babu karatu. Saurayi ne da budurwa a bakin hanya, kamar yadda har gobe a ke yi a dandali da ƙifta ido da ɗaga gira.

Su kuwa siffofin hannun gumakan Buda, irin waɗanda sojan Bama su ka gani, littattafan Pali na farko ba su kira su mudda ba, domin sa'ad da aka tsara littattafan ba a fara sassaƙa siffar Buda ba tukuna. Sai wajen ƙarni na ɗaya na Miladiyya aka fara, a Gandara da Matura, sunayen kuma daga baya su ka biyo. Hatta rawar hannu ta fim, tsohon littafin fasahar rawa da wasan kwaikwayo na Indiya, Natyashastra, da wani suna ya kira ta, watau "hasta", hannu.

A Sanskrit na mulki kalmar ta tsaya a kan hatiminta. Littafin Arthashastra, na dabarun sarauta, ya ambaci wani ma'aikaci mai kula da mudra, wanda ke ba matafiya takardar izni mai hatimi a kan ɗan kuɗi kaɗan, wanda kuma aka kama ba shi da ita a ci shi tara. Masana da yawa suna ganin kalmar 'yar'uwa ce ga "muhur" ta Farisa, mai ma'anar hatimi.

Yanzu a juya ga Tantra, inda kalmar ta yi rassa kamar kuka. Tantra ba addini ba ne shi kaɗai. Wani tafarki ne na ibada ta ɓoye da ya bunƙasa a Indiya daga wajen ƙarni na 6, a cikin masu bautar Shiba da alloli mata, da kuma cikin wani reshe na mabiya Buda, wanda daga baya ya kafu a Tibet da Nepal da Japan. Ginshiƙinsa shi ne cewa ba a shiga sai da malami ya shigar da mutum ta hanyar wani biki na musamman, ya ba shi kalmomin da zai riƙa maimaitawa, watau "mantra", ya nuna masa zanen da zai tsaya a gabansa, watau "mandala", ya koya masa yadda zai sarƙa yatsunsa. Wannan sarƙa yatsu ita ce mudra. A fahimtarsu mantra aikin harshe ne, mudra aikin jiki, tunani kuma aikin zuciya, sai ukun sun haɗu ibada ta cika. Dalilin sunan kuwa shi ne, kamar yadda hatimi ke tabbatar da wasiƙa, haka siffar hannu ke tabbatar da karatun, ta kuma buga kamannin abin bautar a jikin mai bauta. Waɗanda su ka fassara littattafan zuwa harsunan waje sun gane haka sarai: mutanen Sin da harafinsu mai nufin hatimi su ka rubuta kalmar, mutanen Tibet kuma su ka ce "hatimin hannu".

Malaman Tantra ba su gamsu da wannan ma'ana ta fili ba, sai su ka tsaga kalmar biyu, kamar yadda masu wa'azi a ko'ina su kan yi, su ka ce "mud" farin ciki ne, "ra" kuma bayarwa, watau mai ba da farin ciki. Wannan fassarar malamai ce, ba asalin kalma ba. Babbansu, Abhinavagupta na Kashmir, wanda ya rayu wajen shekara ta 1000, ya keɓe babi guda na littafinsa Tantraloka ga mudra, ya kuma nuna cewa hannu ƙaramin abu ne a ciki, ainihin mudra halin da zuciya ke shiga ne.

Daga nan sai ma'anoni su ka yi ta ƙaruwa, waɗansu ma ba su da alaƙa da hannu ko kaɗan. Manyan 'yan kunnen da 'yan ɗariƙar Nat su ke sawa bayan an tsaga musu kunne, mudra ne. Kayan adon ƙashi da toka da waɗansu masu zaman maƙabarta su ke sawa, mudra ne. Littafin Hathayogapradipika na ƙarni na 15 ya kawo mudra goma, kuma galibinsu matse sassan jiki ne da riƙe numfashi. Ɗaya daga ciki, mai suna kecari, sai an riƙa yanka jijiyar ƙarƙashin harshe kaɗan kaɗan har harshen ya iya lanƙwasawa ya shige bayan ganda. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi hattara da duk littafin da ya ce a gwada abin da ke cikinsa a ɗaki ba tare da kowa ba.

Akwai kuma ɓangaren da ya ɓata wa Tantra suna, a Indiya kanta kafin ko'ina. Waɗansu ƙungiyoyi su kan yi wani biki da abubuwa biyar waɗanda sunan kowannensu a Sanskrit da harafin "m" ya fara: giya, nama, kifi, mudra, da saduwa da mace. Masu sharhi sun ce mudra a nan soyayyen hatsi ce, irin wanda a kan ci tare da abin sha, ko da ya ke waɗansu masanan zamani suna ganin da farko macen da a ke bikin da ita a ke nufi. A Tantra ta mabiya Buda kuwa babu shakka a kan haka, gama "karma-mudra" sunan abokiyar ibada ce ta zahiri, "jnana-mudra" kuma wadda a ke sawwalawa a zuci. Galibin Indiyawa masu addini ba su taɓa kusantar wannan ba, waɗansu littattafan Tantra ma da kansu sun ce mai iyali ya sa madara da sukari da zuma a madadin giya. A can ƙololuwa kuma akwai "maha-mudra", babban hatimi, wanda ba hannu ba ne, ba mace ba, ba hatsi ba. Suna ne na matuƙar fahimtar da a ke nema, cewa dukkan abin da ya bayyana yana ɗauke da alama guda, kamar takardun da su ka fito daga fada ɗaya. An karɓi wannan koyarwa baki da baki daga Tilopa zuwa Naropa, zuwa Marpa mutumin Tibet, zuwa Milarepa, zuwa Gampopa wanda ya rasu cikin 1153.

Duk wannan tafiya ba za ta zama baƙuwa ga Bahaushe ba in ya dubi kalmarsa ta "hatimi". Ita ma daga zobe ta fara a Larabci. Ta zama tambarin da Sarkin Musulmi da sarakuna su ke bugawa a kan wasiƙa, ta zama abin da akawun kotu ke dangwalawa a takardar fili. Sa'an nan ta zama zanen gidaje masu lambobi da haruffa wanda malami ke yi a allo ko a takardar laya, kamar mai gida tara ɗin nan da ko ta ina aka haɗa shi 15 ya ke bayarwa. Ƙasar Hausa ta yi gwani a wannan fanni, Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine, wanda ya rubuta littafi a kan hanyoyin tsara irin waɗannan gidaje cikin 1732, ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Daga tushen kalmar kuma aka sami maganar cikamakin Annabawa, da ta cikamakin waliyyai a bakin sufaye. Ba a ce aƙidun ɗaya ba ne, nesa ba kusa ba. Abin da aka ce shi ne kalma mai nufin tambari ta kan hau daga teburin akawu har zuwa maganar malamai mafi zurfi, kuma wanda ya ji "hatimi" a kotu ya ɗauka na allo a ke nufi, ya yi ɓatan kai. Ga mai son daidaito, zanen gidajen lambobi a Indiya ba mudra a ke ce masa ba, "yantra" ne, wadda ita ma a Pali na'ura kawai ta ke nufi.

Saura tambaya guda: yaya aka yi Indiya ta zama gidan asiri a kasuwannin Gabas? Hausawa sun daɗe a wannan yanki. An gano kwal a Udi cikin 1909, jirgin ƙasa ya haɗa Inugu da Fatakwal cikin 1916, daga baya hanyar ta kai Arewa, shanu da wake su ka bi ta su ka gangaro. Sun zauna har wani Basakkwace mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Tare da mahauta da 'yan koli, malaman allo ma sun zo, mutanen gari kuwa su ka riƙa zuwa wurinsu neman laya. Amma a kasuwar asiri sun tarad da abokin gasa wanda ke zuwa ta gidan waya. Wani mutumin Chicago ta Amurka, L. W. de Laurence, wanda ya mutu cikin 1936, ya cika Afirka ta Yamma da tsibiran Karebiyan da littattafai da zobba da turare, yana sa rawani a hoto yana kiran kansa masanin sihirin Hindu. Babban littafinsa mai ɗauke da sunan sihirin Hindu, galibinsa kwafe ne daga The Magus na Francis Barrett, wanda aka buga a London cikin 1801. Haka nan hoton nan na mace mai riƙe da macizai wanda a Kudu a ke kira Mami Wata, asalinsa daga wata maɗaba'a ta Hamburg a Jamus ya fito cikin ƙarni na 19, sai dai an sake buga shi a Bombay cikin shekarun 1950 aka yi ta aiko da shi. Finafinan Indiya, da Kwarori su ka fara kawowa gidajen silima a waɗannan shekarun, su ka ƙara wa abin armashi da macizai masu rikiɗa da sufaye masu tashi sama. Kaya dai daga Chicago da London da Hamburg, suna kuwa na Indiya.

A nan ne labarin mai sarar itace ya ke komowa. Bisa ga ƙa'idar masu Tantra da kansu, mudra ba ta aiki sai ga wanda malami ya shigar, ya kuma ba shi izni, littattafansu ma cike su ke da gargaɗi ga wanda ya saci karatu daga takarda. Musulmi ba ya bukatar wannan hujja kafin ya san matsayin bautar wanin Allah a addininsa. Amma ga wanda ke lallashin kansa da cewa ai ba bauta zai yi ba, sa'a kawai zai saya, sai a ce masa ko a wurin masu abin, zoben da aka saya a tasha zobe ne da babu sarkin da zai amsa cewa nasa ne. Batun lafiya kuwa, haɗa babban yatsa da manuni a zauna shiru ana numfashi a hankali ba zai cuci kowa ba, wataƙila ma ya kwantar da hankalin wanda hayaniyar Gadar Anaca ta gajiyar. Sai dai babu inda littattafan Pali su ka ce yana sauke sukari, kuma mai ciwon da ya bar ƙwayoyinsa saboda shi, ƙafarsa da idonsa ya ke caca da su.

Indiyawa na zahiri ba su da nisa da mai son tambaya. Akwai su da yawa a Fatakwal, musamman tun da kamfanin Indorama ya sayi masana'antar sarrafa sinadaran man fetur ta Eleme cikin 2006. In aka tare ɗaya daga cikinsu mai jin harshen Hindi aka ce masa "mudra", zai yiwu ya tuna da rawa ko da motsa jiki na yoga, amma a jaridar da ya ke karantawa kullum kalmar kuɗi ta ke nufi, tun daga zamanin da a ke buga hatimin sarki a kan azurfa. Kuɗin ƙasashen waje a Hindi "bideshi mudra" ne, hauhawar farashi "mudra-sfiti", Asusun Ba da Lamuni na Duniya ma da wannan kalma su ke kiransa. Aikin ɗab'i kuwa "mudran", domin shi ma dannawa ne a bar alama. Cikin watan Afrilu na 2015 gwamnatin Indiya ta buɗe wani shiri na ba ƙananan 'yan kasuwa rance, ta harhaɗa haruffan farko na sunansa su ka ba da MUDRA. Ɗan canjin titin Owerri da ke lissafa dala da fam da yatsunsa, kana ya buga tambarin shagonsa a kan rasit, ya haɗa ma'anoni uku na kalmar a ciniki ɗaya, biyu daga cikinsu tun na zamanin littattafan Pali.